Faifai Ko Saukewa: Wanne Ya Fi Daɗin Aro?

A watan Yunin 2013 Microsoft ya ce Xbox One, na'urarsa ta wasan bidiyo, sai ta shiga intanet duk bayan awa 24, kuma za a taƙaita sayar da tsohon faifan wasa. Sony, mai na'urar wasa ta PlayStation, ya mayar da martani da ɗan gajeren bidiyo: wani jami'insu ya miƙa wa abokin aikinsa faifan wasa hannu da hannu, shi ke nan. Aka yi ta dariya, kafin watan ya ƙare Microsoft ya janye.

Faifai har gobe haka yake. Ka gama wasa, ka ba ƙaninka, ko ka sayar ka cika kuɗi ka sayi sabo. Illarsa yakan karce, kuma wanda ka ara wa sai ka yi ta binsa kamar mai bin bashi.

Wasan da aka saya ta intanet kuwa manne yake da asusunka, babu zancen sayarwa. A PS5, wato PlayStation 5, na'ura ɗaya kake ɗaura wa asusun don wasu su buga wasanninka. A Xbox ma haka, amma sau 5 a shekara aka yarda ka canza na'urar da ka ɗaura wa asusun. Daɗinsa, mutum biyu na buga wasa ɗaya lokaci guda, kowa a ɗakinsa. Sai dai dole ka shiga asusunka a na'urar aboki, abin da ni dai ba na yi. Ga nauyi: wasa mai gigabait 100, ka sa data, ya kai rabi, a ɗauke wuta.