Zango biyu ina nuna wa ɗalibaina makinsu ta Google Classroom

Ina koyar da lissafin kasuwanci a wani ƙaramin aji a Kano, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Ɗalibaina ba yara ba ne. Akwai masu shago a Kantin Kwari, akwai 'yan kasuwar Singa, akwai tela ɗaya, akwai matan aure masu sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida. Mafi ƙanƙantarsu ya haura ashirin da biyar, babbansu kuwa ya girmi mahaifina. Gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma mai gemu ba ya son a karanta makinsa a gaban jama'a.

Wannan ne ya kai ni ga Google Classroom, manhajar da malami ke karɓar aikin ɗalibai ya ba su maki ta waya. A da, idan na gama duba aiki sai in rubuta sunaye da maki a takarda, in ɗauki hotonta in tura zaurenmu na WhatsApp. Ran nan wani dattijo ya ci 9 cikin 30 a gwajin ribar kaya da faɗuwa, sunansa kuma yana ƙarƙashin na wani saurayi da ya taɓa yi masa yaron shago. Bai ce komai ba. Mako uku bai zo ba. Da na same shi a kasuwa ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini lemo, sannan ya ce, "Malam, ai da ka kira ni gefe." Na ce, "Baba, a gafarce ni." Tun daga ranar na fara neman hanyar da kowa zai ga nasa shi kaɗai.

Manhajar ta fito a 2014 don makarantu, sai a 2017 aka buɗe ta ga duk mai adireshin Gmail. Mu nan akasarinmu a lokacin kullen korona na 2020 muka fara jin sunanta. Kyauta ce. Malami ya buɗe aji, ta ba shi wata lamba ta haruffa da alƙaluma, ya raba wa ɗalibai su shiga da ita. Buɗe ajin bai ci mini minti biyar ba. Shigar da mutane 31 kuwa ya cinye mana zama biyu cur, domin kusan rabinsu ba su san kalmar sirrin Gmail ɗinsu ba. Yaron da ya saita musu wayar a Farm Centre shi ya buɗe adireshin, shi ya san abin da ya rubuta, kuma ya daɗe da mantawa. Duk wanda zai gwada wannan da manya, ya ware ranar farko don wannan kawai, ya zo da ɗan taimako mai haƙuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maki yake tafiya. Ɗalibi ya yi aikinsa a littafi kamar yadda ya saba, ya ɗauki hoton shafin, ya tura. Ni in duba a wayata, in sa maki. Makin yana nan a ɓoye, ba ya gani sai na danna maɓallin mayar masa da aikin. Wato ina da damar duba na kowa, in sake tunani, in gyara inda na yi tsanani, kafin kowa ya ga komai. Idan na mayar, sanarwa ta je wayarsa, kuma nasa kaɗai zai gani. Ƙarƙashin kowane aiki akwai wurin magana tsakanina da shi, ba mai leƙawa. A nan ne na gano cewa dattijon nan ba lissafi ne ya gagare shi ba. A ka yake fitar da ribar bandir ɗari kafin in taɓa kalkuleta. Jera shi a layin shiga da layin fita ne bai saba ba. A gaban aji ba zai taɓa faɗin haka ba.

Na biyu shi ne jimillar maki. Ana iya raba aikin zango gida-gida, kowane gida da nauyinsa, sharaɗin dai su haɗu su ba da 100. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ba ayyukan cikin zango kashi 30, jarrabawa kashi 70. Ni na karkata zuwa ɗaya ɓangaren: aikin gida 50, gwajin tsakiya 20, jarrabawar ƙarshe 30, saboda ɗan kasuwa yana iya wayar gari ranar jarrabawa motar kayansa ta maƙale a hanyar Legas. Akwai wurin da malami zai kunna don ɗalibi ya riƙa ganin jimillarsa tana hawa da sauka. Na kunna. Tambayar nan ta "Malam, ya nake ciki?" da ake tare ni da ita a bakin ƙofa kullum ta ragu sosai. Mutumin da ya rufe shago da wuri, ya biya kuɗin adaidaita sahu, ya bar ciniki don ya zauna a benci, yana da haƙƙin ya san ko wahalarsa tana biya tun kafin zango ya ƙare.

A nan kuma na yi tuntuɓe, kuma laifina ne. Aikin da ba a sa masa maki ba ba ya shiga lissafin jimilla. Wani ɗalibina ya yi ayyuka biyu cikin shida, ya ci su da kyau, sauran huɗun na bar su fayau ban rubuta komai ba. Wayarsa tana nuna masa 84. Yana ta murna, har ya gaya wa abokansa. Sai a mako na tara na lura, na zuba sifili huɗu a dare ɗaya, ya tashi da safe ya ga ya faɗo ƙasa da 40. Ya kira ni ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya: makonni ina nuna masa abin da ba haka yake ba. Yanzu dokata ita ce, kwana uku bayan wa'adi ina sa sifili tare da ɗan rubutu cewa ƙofa a buɗe take, ya kawo in canza. Wadda ta haihu kuwa, ko wanda ya tafi Umara, ko aka yi masa rasuwa, nakan bar gurbin babu komai da gangan, don kada jimillarsa ta taɓu.

Sirrin da nake yabo ma yana da iyaka, kuma iyakar daga gidajenmu take. Uku daga cikin matan ajin da wayar maigida suke shiga. Sanarwar maki tana fara isa hannunsa kafin ta isa nata. Ɗaya ba ta damu ba, ta ce shi ke tuna mata aikin gida. Ɗaya kuwa ta roƙe ni in daina mayar mata da aiki ta manhajar, in riƙa rubuta mata a bayan littafinta. Haka nake yi. Wani magidanci ma ya taɓa kirana yana son in riƙa turo masa sakamakon matarsa tunda shi ke biyan kuɗin. Na ce, "Alhaji, Hajiya ce ɗalibata, ita za ta nuna maka." Ya yi dariya, bai sake tambaya ba.

Mutum huɗu kuma 'yar ƙaramar waya mai maɓallai suke riƙewa, su nakan tura musu saƙon tes. Hotunan littafi suna cin data, kuma duk suna taruwa a Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, inda adireshin kyauta yake da gigabait 15, don haka nakan share na tsohon zango. Ranar da sabis ya yi rauni, hoto yakan tsaya a hanya, ɗalibi yana zaton ya tura. Na koya musu su tsaya sai sun ga alamar cewa an miƙa.

Wani abin da na lura da shi a zango na biyu: lamba ita kaɗai ba ta riƙe babban mutum a aji. Wanda ya ga 45 ba tare da bayani ba, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ya toshe, ya koma kasuwa. Yawancinsu kuma karatun dogon rubutu a waya yana gajiyar da su. Shi ya sa duk wanda ya sauka ƙasa da 50 nake bin makin da saƙon murya na minti ɗaya ta WhatsApp, da Hausa: ga inda ka yi daidai, ga layin da ka juya, gyara shi kaɗai zai ƙara maka goma. Manhajar tana ajiye lissafi, muryar kuma ita ke dawo da mutum ranar Asabar.

Zan ci gaba da amfani da ita, kuma ina ba malaman manya shawara su gwada, muddin akasarin ɗalibansu suna da babbar waya ta kansu. Ajin yaƙi da jahilci da ake fara koyon baƙaƙe kuwa, ban ga amfaninta a can ba tukuna. Littafi da jan biro da kiran mutum gefe sun fi. Dattijon nan ya gama zangon da 63. Ya nuna mini a wayarsa da kansa, kamar ba ni na sa ba, sannan ya tambaye ni ko za a iya buɗe wa yaran shagonsa irin wannan ajin.