Kufena ko Yankari: Ina Ya Kamata a Nufa?

Mutane da dama a Zariya sukan tambaye ni wanda ya fi dacewa da gajeren yawon buɗe ido tsakanin Dutsen Kufena da Dajin Yankari.

Kufena yana kusa da Wusasa, kuɗin abin hawa da gorar ruwa sun wadatar, sai dai yakan yi santsi da damina. Yankari kuwa, da ke Jihar Bauchi, yana cin kuɗin mota da masauki, amma akwai giwaye da ruwan ɗumin Wikki, ga birai masu wawure abincin wanda ya yi sakaci. An fi ganin namun dajin da rani, lokacin da suke taruwa a bakin kogin Gaji.

Ɗalibi mai yini ɗaya, Kufena ya ishe shi. Magidanci mai iyali da hutun kwana uku, Yankari ya fi masa.