Aiki ya kai ka Yamai: otal, bakin kogi ko wajen mai tsire, ina ya fi dacewa ka ci abincin dare?

Jama'a duk wanda aka taɓa turawa Yamai taro ko bita ya san yadda abin yake, tun safe kuna cikin zaure ɗaya, a nan za ku ci abincin rana, sai wajen biyar ko biyar da rabi a sallame ku, to daga nan zuwa lokacin kwanciya shi ne kawai rabonka da garin. Dararen ba su da yawa, kuɗin guzurin ma haka, balle ga wanda ya canzo naira zuwa sefa. Shi ya sa nake ganin gara mutum ya san abin da ke akwai tun kafin ya sauka a filin jirgin Diori Hamani, kar ya ƙare da shinkafar otal kullum, ya koma gida bai ga kogin ba sai ta gilashin mota.

Shawarata tun farko ita ce ka raba yammacin gida biyu, kallon kogi kafin magariba, cin abinci bayan isha, don a Yamai wurin da ya fi daɗin kallo daban, wurin da ya fi daɗin ci daban.

Bari in fara da barandar manyan otal tunda nan ake fara kai baƙo. Wadda ta fi suna ita ce ta Grand Hôtel, tana kan tudu ne, kogin Isa, wato kogin Neja, na shimfiɗe a ƙasanka, ga gadar Kennedy da aka buɗe tun 1970, rana kuma tana faɗuwa ta tsallake wajen Harobanda inda jami'ar Abdou Moumouni take. Gaskiya kallon nan ya cancanci kuɗinsa. Kana zaune za ka ga masu kwalekwale suna komawa gida, masu wanki suna naɗe kayan da suka shanya a gaɓa tun hantsi, motoci da babura da masu ƙafa sun cika gada, wani lokaci har raƙumi da kaya a cikinsu. Akwai kuma Gaweye kusa da gadar, da sababbi irin su Radisson Blu da aka buɗe a 2019 lokacin taron Tarayyar Afirka. Amfanin irin wuraren nan a fili yake, akwai tsaro, akwai janareta in an ɗauke wuta, za a ba ka rasit in ofis ɗinku na neman lissafi, kuma in kana son zama da wani babba ku tattauna aiki ba hayaniya to nan ne. Amma fa ka sani kujerar da kallon ake sayar maka, ba abincin kaɗai ba. Ni dai abin da nake gaya wa mutane, ka je ƙarfe shida saura, ka sa a kawo maka lemo ko shayi da ɗan tsire, ka kalli faɗuwar rana, ka tashi ka yi sallah, cikinka ka ajiye shi don gaba. Sannan wanda ba ya son zama inda ake shan giya ya san cewa a manyan otal ana sayar da ita, ka zaɓi teburinka tun da wuri.

Sai gidajen abincin da suke kira maki, da masu gashin kifi na hanyar bakin kogi, ta Yantala da ta Gamkalle. A nan ne zuciyata ta fi karkata, saboda kifi. Kana garin da kogi ya ratsa, ai bai kamata ka bar shi ba ka ci giwan ruwa ba, shi ne suke cewa kapiten, ga karfasa ga tarwaɗa. Kar ka yarda a kawo maka a faranti kai tsaye, ka tashi ka je wajen gashin ka zaɓa da kanka, ka duba idon kifin ya zama garau bai dushe ba, ka ɗaga kunnen ka ga ja ne, ka danna jikin da yatsa ya dawo bai lotsa ba, sannan ku yi ciniki kafin ya hau wuta don da girmansa ake yanke kuɗi. Giwan ruwa ya fi tsada amma tsoka ne zalla, ƙaya kaɗan, ya dace da mai sauri ko wanda bai saba da kifi ba. Karfasa ta fi araha kuma in an tsaga ta an cusa mata yaji da albasa wallahi ba ta da na biyu, sai dai tana son haƙuri saboda ƙaya. Ana haɗawa da soyayyen dankali, ko ayaba, ko aceke na mutanen Kodebuwa, wasu wuraren ma za ka tarar da shinkafa da kifi irin ta 'yan Senegal. Matsalar wuraren nan biyu ce, jira da sauro. Gashin kifi na iya cin rabin awa ko fiye, don haka ka ba da oda kafin ka je sallah. Sauron bakin kogi kuma ba wasa, ka sa riga mai dogon hannu da safa, ka shafa magani. Wajen Gamkalle akwai majema, in iska ta juyo za ka ji warin jima, to ka matsa gaba kaɗan. Wasu maki ɗin da dare ya yi nisa sai su koma wurin kiɗa da rawa, in ba wannan ya kawo ka ba ka ci ka tashi kafin goma.

Na uku shi ne abincin titi, kuma shi ne mafi sauƙi ga aljihu. Bayan isha kusan kowace unguwa masu tsire da balangu sun kunna wuta, ana yanka maka naman rago a takarda da albasa da yaji, ka sayi doguwar burodi ka haɗa. Ga dambu da zogale da ɗan mai, ga kwaɗon zogale da Zabarmawa ke cewa kopto, ga fari masa, wani irin fanke, ka kora da fura ko zoɓo mai sanyi. Ka'idata a nan ɗaya ce, inda mutanen unguwa suka yi layi nan zan tsaya, kuma a ɗumama naman a gabana. Ruwa kam na gora. Wanda zai gabatar da jawabi da safe ya yi hankali da ɗanyen ganye da ƙanƙara, ba a son ciki ya ɓaci a ranar.

Maganar kuɗi fa, ɗan Najeriya ka kula, lissafin kasuwa da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5 ce, in mai tsire ya ce maka ɗari to sefa 500 yake nufi, jika kuma 1000. Ka riƙe canji a hannu, masu titi ba ruwansu da kati.

Shiga kwalekwale abu ne mai kyau amma na rana ne ko la'asar, ba na dare ba. Akwai dorina a kogin, ka bar masu jirgin da suka san ruwan su ja ka, ku daidaita kuɗi da tsawon lokaci tun a gaɓa, in ba rigar da ke hana nutsewa kar ka shiga. Lokaci ma yana da tasiri, Disamba da Janairu ruwa ya cika ga sanyi, zaman bakin kogi ya fi daɗi, Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 ruwa ya ja baya, Agusta da Satumba kuma damina ce, wani lokaci ambaliya na cinye gaɓar kamar yadda aka gani a 2020.

To ina ake hira da dare in ba ka zuwa gidan rawa? Fada. Matasa da magidanta a ƙofar gida ko bakin titi, tabarma ko benci, ɗan murhun waya da buta, shayi ana dafa shi hawa uku, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi. In abokin aikinka ɗan gari ya ce zo mu je fadarmu, kar ka ce ka gaji, a nan za ka ji garin sosai, kuma Hausa za ta kai ka ko'ina ko da yake za ka ji Zabarmanci da Faransanci suna yawo a cikin hirar. Ka sayi sukari da ganyen shayi ka riƙa a hannu, ka kuma kama bakinka a maganar siyasa tunda kai baƙo ne. Mai son kiɗa ya tambaya ko akwai wasa a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda a makon.

Zirga-zirga, tasin gari na haɗaka ne, ana ɗaukar wasu a hanya, da dare gara ka ɗauki shata ka karɓi lambar direban ya dawo ya ɗauke ka. Katin shaida ko fasfo ya kasance a jikinka kullum saboda shingayen jami'an tsaro, kar ka ɗauki hoton gada ko gine-ginen gwamnati ba izini, kuma kar wani ya fitar da kai daga gari da dare, yanayin tsaron yankin bai ba da wannan ba.

Kilishin tsaraba ka bar shi sai ranar ƙarshe. Akwai ja mai yaji, akwai fari mai tunkuzar gyaɗa, akwai rumuzu da ba a tsoma shi cikin labu ba, shi ne ya fi dacewa da yara da dattawan da ba sa son yaji. Ka ɗanɗana kafin ka biya, ka karya ka ji ya bushe sosai, a naɗe maka a takarda ba leda ba don kar ya yi gumi a hanya, in akwai sauran sefa ka ƙara da cuku.