Waukesha da Gwinnett: ɗaya ta riƙe, ɗaya ta saki

Malam, ka tambaya me ya sa wasu unguwannin da ke kewaye da manyan biranen Amurka ba sa sauka daga kan 'yan ra'ayin riƙau, wato jam'iyyar Rifablikan, alhali birnin da suke jingine da shi na Dimokurat ne, har ka ce ko dai sha'anin masu kuɗi ne kawai. Kuɗi na ciki, amma bai isa amsa ba. Bari in jera maka gundumomi biyu ka duba da kanka.

Kafin nan, idan an ce gefen birni a can, kada hankalinka ya tafi kan irin bayan garinmu, inda wanda kuɗin haya ya kora yake zuwa ya yanki fuloti ya fara da ɗaki ɗaya. Nasu ya fi kama da GRA: gida da fili, mota biyu a ƙofa, maigida ya tafi aiki cikin birni da safe ya dawo da yamma.

Ta farko Waukesha ce, yamma da birnin Milwaukee a jihar Wisconsin. Ta biyu Gwinnett, arewa maso gabas da Atlanta a jihar Jojiya. A zaɓen 2004 da ƙyar za ka bambance su, domin kowacce ta ba George W. Bush wajen kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. Shekara goma sha shida bayan haka, Trump ya samu kusan kashi 60 cikin ɗari a Waukesha, a Gwinnett kuwa Biden ne ya kwashe kusan kashi 58. Rabon Waukesha da zaɓar ɗan Dimokurat a kujerar shugaban ƙasa tun 1964, zamanin Lyndon Johnson. Gwinnett ta bi Rifablikan daga 1980 har 2012, sannan ta juya a 2016, ba ta kuma koma ba.

Asalinsu kusan ɗaya ne. Bayan yaƙin duniya na biyu an shimfiɗa manyan tituna, bashin sayen gida ya yi sauƙi ga farar fata, sai suka riƙa barin cikin birni, musamman da rikicin haɗa makarantu da unguwanni da baƙar fata ya yi zafi. A Milwaukee sai da aka yi dare 200 a jere ana zanga-zanga daga 1967 zuwa 1968, wani limamin Katolika mai suna James Groppi yana gaba, kan a bar baƙar fata su zauna inda suke so. A Gwinnett kuwa jama'a sun ƙi a shigo musu da jirgin ƙasa da motocin hayar Atlanta, wato MARTA, a ƙuri'ar 1971, suka sake ƙi a 1990. A baki batun haraji ne. Amma ba wanda bai san wa ake gudun jirgin ya kwaso ba.

Shi kuma mazaunin irin wannan wuri yana da dalilansa na aljihu, kuma ba na raina su. Gidansa shi ne babbar dukiyarsa. Harajin gidan ne ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin makarantar 'ya'yansa, ingancin makarantar kuma shi ke riƙe darajar gidan. A Wisconsin takardar harajin nan a watan Disamba take isowa, ana tsakiyar sanyi da hidimar Kirsimeti. Mutum ya buɗe ambulan a kan teburin kicin ya ga adadin, gobe ɗan takara ya zo ya ce zai rage haraji ya tsaurara tsaro, ɗayan ya ce a ƙara don a tallafa wa birnin da shi ya baro. Ka san inda hannunsa zai karkata. Ga zuwa coci, ga aure da 'ya'ya, waɗanda duk alamu ne na mai jingina da Rifablikan a Amurka.

To amma duk waɗannan akwai su a Gwinnett ma. Me ya raba su?

Baƙi ne. A 1970 mutanen Gwinnett ba su wuce 72,000 da 'yan kai ba. A ƙidayar 2020 sun haura 950,000. Atlanta ta zama wurin neman arziki, ta karɓi gasar Olamfik a 1996, kamfanoni suka yi ta shigowa, magina suka yi ta zuba gidaje masu rangwame da benayen haya. Baƙar fata masu rufin asiri suka fito daga birni, wasu ma suka sauko daga jihohin arewa. 'Yan Meziko da maƙwabtansu suka cika Norcross, Koriyawa suka kama Duluth da Suwanee, ga Indiyawa da 'yan Biyetnam da 'yan Afirka, har da 'yan Najeriya. Wanda ya bi titin Pleasant Hill a Duluth zai ga allunan shaguna da coci-coci da rubutun Koriya a jere, kanti na bin kanti. A 1990 kusan mutum tara cikin goma farar fata ne a gundumar, yanzu sun koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Ba wai tsofaffin mazauna ne suka sauya ra'ayi ba, an dai rinjaye su ne a yawa. A zaɓen 2020 Dimokurat suka karɓe shugabancin gundumar da kujerar shugaban jami'an tsaronta, jihar kuma Biden ya ci ta da ratar da ba ta kai 12,000 ba.

Waukesha ba ta ga irin wannan ambaliya ba. Milwaukee garin masana'antu ne da ya yi ta raguwa, daga mutum 741,000 a 1960 zuwa 577,000 a 2020, saboda haka babu wani tururuwar baƙi da zai tumbatsa zuwa gefe. Kaɗan ɗin da ke son fitowa kuma sai su tarar da ƙofa a tsuke: dokokin gini na ƙananan garuruwan sun fi son babban fili da gida guda, ba benen haya ba, motar haya kuma ba ta kai ko'ina. A 2011 sai da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta maka garin New Berlin, cikin gundumar, a kotu kan hana gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Har yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanenta farar fata ne, yawancinsu jikokin Jamusawa da sauran Turawa, Katolika da 'yan cocin Luther. Wanda aka haifa a nan sau da yawa a nan yake aure ya sayi gida.

Akwai kuma abin da ake mantawa, wato sabo da tsari. Shekaru da dama gidajen rediyon Milwaukee suna da masu shirin siyasa 'yan ra'ayin riƙau irin su Charlie Sykes da Mark Belling, mai tuƙi a kan babban titin I-94 yana sauraren su a hanyar aiki ko ta komawa gida. Jam'iyya ta yi rassa tun daga kwamitin makaranta har majalisar jiha, ta yadda mai son tsayawa takara ya san ƙofa ɗaya ce. Waukesha da maƙwabtanta Ozaukee da Washington su ne suka tallabe gwamnan jihar Scott Walker, ɗan Rifablikan, lokacin da ya karya lagon ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati a 2011, suka kuma cece shi daga kiranye a 2012. Wurin da kowa ke zaɓe iri ɗaya kuma yana jan irin nasa, domin mai neman gida yana kallon tutocin 'yan takara a ƙofofin maƙwabta kafin ya biya.

Kada ka ɗauka Waukesha ba ta motsi. Mitt Romney, ɗan takarar Rifablikan, ya samu wajen kashi 67 a 2012, Trump ya tsaya a kusa da 60 a zaɓukansa uku. Masu digiri, musamman mata, su ne ke zamewa. A jihar da ratar 2016 da ta 2020 kowacce ba ta kai 25,000 ba, wannan zaizayar kaɗai tana iya kayar da ɗan takara. Ita ma Gwinnett ba ta zama 'yar gaban goshin masu sassaucin ra'ayi ta kowace fuska ba: a 2019 ta sake watsi da MARTA, bayan ta riga ta zaɓi Hillary Clinton. Ashe mutum na iya sauya jam'iyya bai sauya ra'ayinsa kan harajin gidansa ba.

Idan kana neman tsohuwar Gwinnett ta 2004, ƙara gaba kaɗan za ka yi zuwa arewa, gundumomin Cherokee da Forsyth, inda Trump ya samu wajen kashi biyu cikin uku a 2020. Forsyth ɗin nan ita ce wadda ta kori baƙar fatarta sama da dubu a 1912, ta kuma shafe shekaru da dama kusan babu ko ɗaya. Yanzu Indiyawa masu aikin kwamfuta da likitanci suna ta sayen gidaje a kudancinta, ratar Rifablikan ta ragu sosai idan aka kwatanta da zamanin Romney, amma har zaɓen 2024 tasu ce.