Jirgin Ɗaukar Motocin Soja: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bari?

Tambayar da nake fara yi wa duk mai neman jirgin ruwan kai wa soja kaya ita ce: ina za ka sauke? Idan tashar jiragen ruwa mai zurfi tana jiranka, jirgin RoRo ya ishe ka, wato wanda mota ke shiga da ƙafarta ta fita da ƙafarta. Birtaniya ta ɗauki hayar guda shida na ajin Point da aka ƙera a 2002 da 2003, kowanne ya haura mita 190. Yana cin kaya sosai, amma ranar da aka ragargaza tashar, ya zama sito mai iyo. Shi kuwa LPD, wato babban jirgi mai ɗauke da ƙananan jiragen kai kaya gaɓa a cikinsa, irin ajin Makassar na Indonesiya, ado ne ga mai aljihu. Ma'aikata da mai kaɗai za su cinye kasafin.

Ni dai raina yana kan LST, wato jirgin sauke tankokin yaƙi a gaɓar teku. Cikinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nitsewa da zurfi, sai ya doshi gaɓa ya ɗora ƙirji a kan yashi. Kafin ya isa yakan saki anka ta baya, ita zai ja ya koma ruwa idan ya gama. Ƙofar gaba ta buɗe, gada ta sauka, tankar yaƙi ta gangaro. Ba injin ɗaga kaya, ba jiran kowa. LST 100 na kamfanin Damen misali ne: mita 100, da filin saukar helikwafta, kuma irinsa ne NNS Kada da rundunar ruwan Najeriya ta karɓa a 2022. Sojan ƙasa na Amurka ma suna da ajin Besson, mita 83, mai gada gaba da baya. Aibin LST? Ba shi da sauri, kuma in teku ta yi fushi, ko tsohon matuƙi sai ya yi amai.

Inda ake cin mutane shi ne kwancen jirgi. Na taɓa zama a kwamitin duba wani da dillali ya rantse zai ɗauki tankoki. Daben yana sheƙi, fenti sabo fil. Injiniyanmu ya durƙusa ya ƙwanƙwasa da guduma, sai ga ɓawon tsatsa kamar tafin hannu ya ɓalle. Ashe jirgin fiton ƙananan motoci ne, ga tanka tana iya haura tan 60. Tun daga ranar ba na yarda da takarda sai na ga an auna kaurin ƙarfe da na'ura, a inda ni na nuna.

Sunan jirgi da tutarsa ana canza su a dare ɗaya, amma lambar IMO, wato lambar shaidar jirgi ta duniya mai alƙaluma 7, tana bin jirgi har a yanka shi. Bi ta, ka ga hannu nawa ya ratsa. Takardar shaidar inganci kuma, kada ka karɓi hotonta daga dillali. Tuntuɓi Lloyd's Register ko DNV ko duk hukumar da aka ce ta bayar. Ƙofar gaba ba abin wasa ba ce: a 1987 jirgin Herald of Free Enterprise ya bar tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam ƙofarsa a buɗe, ruwa ya kwarara daben motoci, mutum 193 suka mutu. Ka sa a buɗe ta a rufe sau uku a gabanka, ka sa hannu ka shafa robar bakinta, ka leƙa ƙarƙashin famfon da ke buɗe ta ko mai na ɗiga. In an ce yau injin gadar "yana hutawa", tattara takardunka.