Keken hanyar tsakuwa a fadamar Kwalkwalawa

Gwanjo na saye shi, irin keken nan mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, tayarsa mai faɗin milimita 40. An yi irinsa ne don hanyoyin tsakuwa, kamar na Camargue a kudancin Faransa, inda kogin Rhône ke faɗawa teku, ga magudanan ruwa, ga gonakin shinkafa. Mu nan Sakkwato ba teku, amma fadamar Rima ta ishe shi gwaji.

A kan burji da busasshen laka, wallahi ba laifi. Yana shanye gargada, hannu ba ya tsami, birkinsa na faifai kuma yana kamawa ko an ratsa ruwa. Amma da ka faɗa yashi mai zurfi, sauka kawai ka tura, kada girman kai ya kayar da kai gaban masu albasa.

Ƙaya ce babbar matsala. Mai facin unguwarmu har ya daina tambayata me ya faru. Ƙurar hunturu kuma tana cin sarƙa, sai ka riƙa gogewa kana sa mai. Sirdin ya yi tsini, na canza shi.

Idan ɗaukar buhu kake so, nemi Phoenix.