Winchester 1873 da wasiƙar Cody: abin da na gani bayan wata takwas

Baba, Allah ya jiƙansa, tela ne a Fagge, bai taɓa riƙe bindiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma in ya fara ba mu labarin finafinan kaboyi da suka kalla a silimar Plaza suna samari, sai ka ga hannunsa na dama yana sauka yana hawa a ƙarƙashin wata bindiga da babu ita, yana nuna mana yadda kaboyi ke ɗana ta yana bisa doki. Wannan motsin hannun ne ya biyo ni har Texas, inda na shekara goma sha bakwai ina aiki. Bara na sayi irin bindigar da yake kwaikwayo, Winchester samfurin 1873, ta asali, ƙirar shekarar 1889. Yanzu wata takwas ke nan tana hannuna, kuma ina so in faɗi abin da na gani game da ita, da kuma game da wata takarda da ta hana ni tafka asara.

Na san abin da kalmar bindiga take tayarwa a zuciyar mutumin Zamfara ko Katsina a yau, ni ma ina da 'yan uwa a can, kuma ba na ɗaukar abin da wasa. Maganar da nake yi ta kayan tarihi ce a ƙasar da dokarta ta yarda a ajiye su. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan tana cikin kayan tarihi, ko da yake kowace jiha tana da nata ƙa'idojin. A Najeriya kuwa mallakar bindiga ba lasisi laifi ne babba, tsufanta ba ya wanke mai ita. Tawa tana kulle a akwatin ƙarfe a nan, kuma nan za ta zauna.

Abin da ya bambanta wannan bindiga shi ne libar da ke ƙarƙashinta, wani ƙarfe mai zobe da yatsu ke shiga, a bayan kunama. In ka tura shi ƙasa, kwankon harsashin da aka harba ya fice ta sama, wani ƙaramin akwatin tagulla ya ɗago sabon harsashi daga dogon bututun da ke kwance ƙarƙashin bututun harbi. In ka dawo da shi, harsashin ya shige mazauninsa. An gaji dabarar ne daga bindigar Henry ta 1860, wadda Benjamin Tyler Henry ya tsara a New Haven ta jihar Connecticut, kuma kimanin 14,000 kawai aka ƙera, shi ya sa yau sai masu hannu da shuni. Oliver Winchester, wanda da sana'ar ɗinka riguna ya yi arzikinsa (wannan da Baba ya ji, da ya yi murna), ya fito da samfurin 1866 mai jikin tagulla, aka ƙara mata ƙofar zuba harsashi a gefe. Irinta sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka riƙe a Plevna, a ƙasar Bulgeriya ta yau, a 1877, suka tsare rundunar Rasha wata da watanni. Samfurin 1873 ya zo da jikin ƙarfe da harsashi mai ƙarfi, .44-40, aka ƙera sama da 720,000 cikin shekara hamsin.

To in an ƙera dubu ɗari bakwai, ina ƙarancin yake? Wannan ce tambayar da na fara yi wa wani dattijo Ba'amurke da muka saba a filin koyon harbi, mutumin da ya fi shekara arba'in yana tara su. Ya ce yawancinsu kayan aiki ne, kamar fartanya. An rataye su a sirdi, ruwa ya dake su, an harba su da baƙin albarushi an ajiye ba wanki, tsatsa ta cinye cikinsu. Wadda ta tsira kuma, sau da yawa wani ya canza mata bututu, ko ƙota, ko ya goge ta ya sake mata launi. Wadda take yadda ta fito daga masana'anta, ita ce ta yi wuya. Sama da ita akwai waɗanda aka yi wa oda ta musamman, sannan can ƙololuwa akwai waɗanda kamfanin ya zaɓo saboda kyawun saitinsu ya rubuta musu "ɗaya cikin dubu" a jiki. Guda 136 kacal aka yi a wannan samfurin. Kuɗin da ke yawo a harkar ba kaɗan ba ne: a 2016 an yi gwanjon Winchester 1886 mai lamba 1 a gidan gwanjon Rock Island a kan dala miliyan 1.265. Inda irin wannan kuɗi yake, jabu ba ya nisa.

Na kusa faɗawa. A wata ƙaramar kasuwar bindigogi ta ƙarshen mako na ga wata 1873 da ta ɗauke min hankali. Ƙarfenta shuɗi-baƙi yana sheƙi, bututunta mai kusurwa takwas, katakonta sumul, kunamarta irin ta musamman da ake saitawa ta yi laushi. Mai ita ya ce oda ce ta musamman, gadon gidansu ce, ya sa mata dala 6,500. Har na fara lissafin abin da zan cire a asusu. Dattijon nan, da muka je tare, ya ɗauke ta ya kai ta ƙarƙashin fitila, ya nuna min rubutun kamfanin da ke bisa bututun. Haruffan sun yi laushi, gefunansu sun kwanta kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Kusurwoyin bututun ma ba su da kaifi. Ya ce min a hankali, injin gogewa ya bi ta nan. Sai ya ce in rubuta lambar da ke ƙarƙashin wuyanta, bayan liba, mu tambayi Cody kafin in ba da ko sisi.

Cody ƙaramin gari ne a jihar Wyoming, kusa da gandun Yellowstone, sunan Buffalo Bill Cody, shahararren mai wasan nunin kaboyi, ya ci. A cibiyar tarihin da ke ɗauke da sunansa akwai gidan tarihin bindigogi, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 aka kai tarin kayan kamfanin Winchester can. Cikin kayan har da littattafan sito, waɗanda akawun kamfanin suka riƙa cikawa da hannu: lambar kowace bindiga, irinta, girman harsashinta, siffar bututu da tsawonsa, irin kunama, ranar da ta shiga sito da ranar da ta fita. Ofishin da ke kula da su yana karɓar lamba, ya duba, ya aiko maka da wasiƙa mai hatimi. Suna da na Marlin da na L.C. Smith ma.

Amsar da ta zo kan bindiga mai sheƙin nan gajera ce. Ta bar masana'anta da bututu mai zagaye, da kunama ta gama-gari. Ke nan bututu mai kusurwa takwas da kunamar musamman duk daga baya aka dasa su, launin kuma sabo ne. Ban ce mai ita ya san haka ba, wataƙila shi ma haka ya gada. Amma abin da ya sa wa kuɗi ba shi ne a hannunsa ba. Kuɗin binciken bai kai abin da nake kashewa a mai na mako biyu ba, ya tsare min dubban daloli.

Tawa a gwanjon intanet na same ta, bayan wata huɗu ina kallo ina bari. Gwanjon intanet cinikin biri a sama ne, hotuna kawai kake gani, saboda haka na roƙi ƙarin hotuna na cikin bututu, da na lamba, da na inda katako ya haɗu da ƙarfe. A wurin haɗuwar nan ake gane ƙotar da aka goge da samfefa: ta asali takan ɗan ɗara ƙarfen tudu, wadda aka goge kuwa sai ta nutse ƙasa da shi. Na aika wa Cody lambar tun kafin ranar gwanjo. Na ci ta a dala 2,800, amma a nan zan ja kunnen duk mai sha'awa: gidan gwanjon ya ɗora la'adarsa kashi 18 cikin ɗari a kan mai saye, ga kuɗin aikawa da inshora da haraji. Kafin ta iso ƙofata ta tasam ma 3,600. An rubuta la'adar a sharuɗɗa, amma can ƙasa cikin ƙananan haruffa, kuma akwatin da suka aiko ta ciki bai dace da kaya mai shekara sama da 130 ba. Takarda kawai aka cusa, bakin bututun har ya huda kwalin. Allah ya tsare ba abin da ya same ta. Na rubuta musu, suka ba da haƙuri, iyakar abin ke nan.

Ranar da na buɗe ta, uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Amira, wannan tsohon ƙarfen ne ka ba da kuɗin nan a kansa?" Ba ta yi ƙarya ba. Babu sauran shuɗi a jikinta sai a lungunan da hannu ba ya kaiwa. Sauran duk ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, kalar tsohuwar wuƙar mahauci. Ƙotar tana da tabo uku, kuma katakon gaba ya ɗan lotsa daidai inda ake ɗora ta a kan sirdi. Amma rubutun kamfanin yana nan da kaifinsa, kan kusoshin bai lalace ba, murfin ƙurar da ke samanta yana zamewa a kan doron da aka fitar daga jikin ƙarfen kansa, alamar zubi na uku na wannan samfurin, wanda shi ya dace da lambar da ta haura dubu ɗari uku. A ƙarƙashin akwatin tagullar an buga girman harsashin. Wasiƙar Cody ta ce: doguwar bindiga, .44, bututu mai kusurwa takwas, inci 24, kunama ta gama-gari, ta shiga sito a Satumbar 1889. Na ɗora takardar a gefenta na bi layi-layi, kowanne ya yi daidai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai wasiƙar tana da iyaka, kuma ya kamata a san da ita kafin a biya. Ba ta gaya maka wanda ya saya, galibi ba ta ma gaya maka garin da aka aika ta ba. Na so ƙwarai in san ko Texas ta fara zuwa, ko wa ya lotsa katakon nan da sirdinsa, ban samu ba. Ko bindigar da ma'aikatan gandun Great Basin na Nevada suka tsinta a Nuwambar 2014, jingine da wata bishiya inda wani ya ajiye ta bai dawo ba, abin da littattafan suka iya faɗa shi ne 1873 ce da ta fita daga sito a 1882. Mai ita har yau ba a san shi ba. Haka nan wasiƙar lamba take tabbatarwa, ba ƙarfen da ke gabanka ba. Mutanen Cody ba su ga bindigarka ba. In wani ya gyara jabu ta dace da abin da ke littafi, takarda ba za ta kama shi ba, sai ido irin na dattijon nan. Duk wanda ya ce maka wasiƙa kaɗai ta isa, bai daɗe a harkar ba.

Na harba ta, sau ɗaya tak na fita da ita. Kafin nan na kai wa maƙerin bindiga ya buɗe gefenta ya duba gaɓoɓin da ke kulle harsashi, domin makullin wannan samfurin kamar gwiwa yake, yana miƙewa yana lanƙwashewa, kuma bai kai ƙarfin na samfurin 1886 da 1892 da John Browning ya tsara ba. Ya ce lafiyarta ƙalau, amma kada in kusance ta da harsashi mai zafi na zamani. Na sami masu baƙin albarushi. Nauyinta ya kusa kilo huɗu, yawancinsa a gaba, shi ya sa ba ta dukan kafaɗa, turawa kawai take yi. Hayaƙi fari ya turnuƙe, da warin ƙibiritu da ya tuna min bindigogin 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah. Cikin bututun yana da 'yan ramukan tsatsa, duk da haka a taku hamsin harsashi goma sun taru a wurin da faranti zai rufe. Libar kuwa, ban taɓa taɓa inji mai santsinta ba. Shekaru sun goge kowace gaɓa ta zauna da 'yar uwarta, ƙarar ma a hankali take fita, ƙwas-ƙwas, sau biyu.

Wankin bayan harbi aiki ne. Baƙin albarushi yana barin gishirin da ke jawo laima, dole a wanke bututun da ruwan zafi da sabulu a ranar, a busar, a shafa mai. Ya ci min fiye da awa guda. Wanda harbi yake so kowane mako, shawarata ya sayi sabuwa: kamfanin Uberti na Italiya yana ƙera kwafinta, Miroku na Japan kuma yana ƙera ta da sunan Winchester, duka da ƙarfen zamani, a kuɗin da bai kai na tsohuwa mai kyau ba. Tsohuwar ta ajiya ce, kuma babbar hidimarta ita ce ka kame hannunka. Ɗan mai a tsumma, ɗaki marar laima, shi ke nan. Na sha jin hannuna yana ƙaiƙayin in goge tagullar nan ta yi haske, sai in tuna bindigar dala 6,500.

Zan sake sayen wasiƙar Cody a kan duk wata Winchester da zan taya, tun kafin in taya. Gidan gwanjon nan kuwa ba na jin zan koma, a Nuwamba Tulsa za ni, babbar kasuwar da ake ci sau biyu a shekara a Oklahoma, inda mutum zai ɗauki kaya a hannunsa ya kai ƙarƙashin fitila. Gajeriyar nake nema yanzu, mai bututu inci 20 da zoben rataya a sirdi, don ita ce ainihin wadda kaboyi ke riƙewa a kan doki, kuma samun wadda ba a taɓa ba ya fi wuya saboda ita ta fi shan wahala. Dattijon ya ce zai raka ni, ya ce in zo da tocila da haƙuri.